Fitilar da Ba Ta Kamawa: Gyaran Wayoyin Tsohuwar Bobcat a Khartum da Omdurman

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF, ya bar wa Khartum ɓaraguzai da ramuka. Ɓaraguzan na gine-ginen da bama-bamai suka rusa ne. Ramukan kuwa, waɗanda jama'a suka tarar a gefen tituna bayan sojoji sun ƙwace fadar shugaban ƙasa ranar 21 ga Maris, 2025, ɓarayin jan ƙarfe ne suka haƙa su. Sun tono manyan wayoyin lantarki, suka ƙone robar, suka kwashe abin da ke ciki. Taransifomomi ba su tsira ba, haka wayoyin da ke cikin bangon gidaje da asibitoci da makarantu. Wanda ya iya fasa titi saboda waya kuwa, ba zai ga motar aiki a ajiye a harabar kamfani ya ɗauke kai ba.

Don haka ɗan kwangilar da ya dawo daga gudun hijira, in ya yi sa'a ya tarar da ƙaramar lodarsa tana nan, da wuya ya same ta yadda ya bar ta. Batir ya tafi. Wataƙila altaneta ma ta bi shi. Idan ya buɗe ƙofar baya inda injin yake, sai ya ga guntayen wayoyi na reto, wasu an yanke da wuƙa, wasu ɓera ya gaigaye, wasu rana ta busar da robarsu har tana farfashewa a hannu. Ga aiki jibge a gari, ga tifofi na jiran lodi. Sai ya nemi usta, kamar yadda ake kiran gwanin sana'a a Sudan, kuma buƙatarsa guda ce: motar ta tashi yau.

Tayar da ita ba shi ne wahala ba. A nan ma haɗarin yake.

Motar da ake magana a kanta ita ce 'yar ƙaramar lodar nan mai taya huɗu da bokiti a gaba, wadda kusan ko'ina ake kira Bobcat, ko da Case ko Caterpillar ko wani kamfanin China ne ya ƙera ta. Asalinta daga wata maƙera ce a garin Rothsay na jihar Minnesota a Amurka, inda wa da ƙani, Cyril da Louis Keller, suka haɗa wata 'yar mota mai taya uku a 1957, domin wani mai kiwon talotalo, Eddie Velo, ya riƙa kwashe kashin tsuntsayensa a ɗakunan da tarakta ba ta iya juyawa. Kamfanin Melroe na Dakota ta Arewa ya sayi fasahar a 1958, ya fito da mai taya huɗu a 1960, sannan aka laƙaba mata sunan Bobcat a 1962. Ba ta da sitiyari. Tayoyin hagu da na dama kowane ɓangare da nasa famfon haidirolik, in ɓangare ɗaya ya yi gaba ɗaya ya yi baya sai motar ta juya a inda take tsaye. Samfurin 753, alal misali, faɗinsa bai kai mita ɗaya da rabi ba, kuma yana ɗaga kusan kilo 600. Wannan ne ya sa take shiga lungunan tsofaffin unguwannin Omdurman irin su Abu Rof da Wad Nubawi da Bait al-Mal, inda babbar katafila ba ta da wurin sa ƙafa.

Kanikawan Sudan sun daɗe da sabawa da gyara ba tare da dila ba. Takunkumin cinikayya da Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar a watan Nuwamba na 1997 bai tashi ba sai Oktoba 2017, shekara ashirin ke nan da kayan gyaran motar Amurka sai dai su biyo ta bayan gida, ta kasuwannin gwanjo na Dubai da Sharja. A unguwannin masana'antu na Khartum da Bahri da Omdurman, inda garejoji da masu walda da masu sayar da tsofaffin kayan mota suke jere kamar yadda mutumin Kano ya san Ƙofar Ruwa, an koyi sassaƙa abin da babu, da ɗaura na wata mota a jikin wata. Gwaninta ce ta gaske, ta kuma riƙe motoci da yawa a kan aiki. Sai dai ta haifar da wata ɗabi'a: duk wayar da ba ta hana injin tashi ba, a naɗe ta da salatif a cusa gefe.

Tsohon injin dizal kuwa yana ba da wannan dama. Kubota mai silinda huɗu da ke cikin samfuran 743 da 753 famfon mansa na ƙarfe ne zalla, ba kwamfuta ke tafiyar da shi ba. Muddin kik ya juya shi, mai kuma ya samu hanya, zai tashi ya yi ta ruri ko da an tsinke duk wata sensa da ke jikinsa. Mai mota ya ji ƙara, ya ga bokiti ya ɗaga, ya biya usta, kowa ya kama gabansa.

Abin da ba a gaya masa ba shi ne yadda makunnin matsin baƙin mai yake aiki. Ɗan ƙaramin abu ne da aka ɗaura a jikin injin, da waya ɗaya tak. Idan babu matsi, yana haɗa wayar da ƙarfen injin, sai jar fitila ta kama a gaban direba. Da zarar injin ya tashi mai ya fara zagayawa, matsin ya raba haɗin, fitila ta mutu. To, idan wayar ta cire fa? Fitila ba za ta taɓa kamawa ba. Ko mai ya tsiyaye ƙarƙaf, ko famfonsa ya mutu, allon gaban direba zai nuna daidai abin da yake nunawa ranar da injin ke cikin ƙoshin lafiya. Sensar zafin ruwa ma haka take a motocin da ke da agogo mai allura: turjiyar da take yi wa wuta tana raguwa ne yayin da ruwa ke ƙara zafi, don haka in wayarta ta tsinke allura sai ta kwanta a ɓangaren sanyi ta yi zamanta, alhali lagireto na tafasa. A garin da zafin watan Mayu da Yuni ke haura digiri 40 kusan kullum, guguwar ƙurar habub kuma ke toshe ramukan lagireto cikin yini guda, wannan shirun yana iya cinye injin kafin la'asar.

Akwai gwajin da bai buƙatar kayan aiki, kuma ya kamata kowane direba ya san shi. A murɗa makulli zuwa matakin farko ba tare da an tayar ba. Dole fitilar mai da ta caji su kama, domin a lokacin babu matsi, babu caji. Wadda ba ta kama ba, ko ƙwanta ya ƙone ko wayarta ta rabu da inda ya kamata ta je.

Daga 1990, lokacin da Bobcat ya fito da jerin motocin da 753 ke ciki, sai aka soma sa wani akwatin lantarki mai suna BOSS, wanda ke sauraron sensoci ya nuna gargaɗi, in abin ya yi tsanani ya kashe injin da kansa. A irin waɗannan motoci tsinkewar waya ba ta yin shiru, damun mutum take yi: mota ta yi aiki kaɗan ta mutu, a sake tayarwa ta sake mutuwa. Maganin gaggawa da aka saba shi ne a ba bawul ɗin da ke buɗe hanyar dizal wuta kai tsaye daga makulli, a tsallake akwatin. Motar ta daina mutuwa, ta kuma daina kare kanta.

Usta mai hankali ba ya fara taɓa waya sai ya tsare ransa. Yawancin wayoyin da famfunan suna ƙarƙashin ɗakin direba ne, wanda ake kwance ƙusoshi biyu na gaba a turo shi baya ya tsaya a kan maƙalinsa. In aikin na buƙatar hannuwan bokiti su kasance a sama, akwai sandar ƙarfe da aka yi musamman don tokare su, kuma babu wani katako ko bulo da zai maye gurbinta. Matsin mai ne kaɗai ke riƙe da hannuwan nan. Tiyo ɗaya ya saki, ko wani ya taka feda, za su sauko kan duk wanda ke ƙasa. Bayan haka a cire kan batir na nagatif. Sannan wanki, domin cikin tumbin motar yakan tara ƙasa da mai da ciyayi har su daskare, wayoyi su nutse a ciki. Wannan cakuɗin shi ne ke kama wuta ranar da tsirarar waya ta goga ƙarfe.

Sai a zo ga babbar tambaya: wannan guntuwar da ke reto, ina ne gidanta?

Launi ba abin dogaro ba ne, don rana da mai sun mai da ja da ruwan ɗorawa da fari duk kala ɗaya, kuma wanda ya yi gyara a baya ya yi amfani da abin da ya samu. Abin da ke taimakawa shi ne lambobin da Bobcat ke bugawa a jikin robar wayoyinsa. A goge da tsumma, a matsa can cikin damin wayoyin inda rana ba ta kai ba, a karanta lambar, a nemo ta a taswirar wayarin da ke cikin littafin gyara. Taswirar tana bin lambar jikin mota, domin samfuri ɗaya yakan canza tsari daga shekara zuwa shekara, saboda haka ana fara duba ɗan farantin da ke manne a firam kafin a nemi hoton shafin a waya. Inda babu taswira, tsawon wayar da lanƙwasarta sukan ba da labari. Wayar da ta shekara ashirin a wuri ɗaya ta sandare a siffar hanyarta, in aka sake ta sai bakinta ya nufi inda ta fito.

Yawan ƙafafun sensa ma yana faɗin irinta. Mai ƙafa ɗaya tana mayar da wuta ne ta jikin injin, kamar ta mai da ta zafi a tsofaffin motoci. Wannan ana iya gwada wayarta ta hanyar taɓa ta da ƙarfen injin na ɗan lokaci, makulli a buɗe: in fitilar mai ta kama, an gane ta, in allurar zafi ta yi tsalle zuwa ƙarshe, ita ma an gane ta. Gwajin yana da amfani domin sensocin nan biyu sukan zauna kusa da juna, bakinsu kuma iri ɗaya, sau da yawa ana musanya su. Mai ƙafa biyu tana da tata wayar komawa, kamar mai ƙidaya juyin injin da ke kallon haƙoran fulawil. Mai ƙafa uku kuwa 'yar akwati ce: waya ɗaya ta kawo mata ƙaramar wuta, galibi volt 5, ɗaya ta komawar wutar ce, wato at, ta uku ta mayar da saƙo, wanda a yawancin irinsu yake yawo tsakanin volt 0.5 da 4.5. Wannan ba a yi mata gwajin taɓa ƙarfe, ba a kuma soka mata fitilar gwaji irin ta masu rewaya, balle a jona mata volt 12 daga batir. Kuskure ɗaya ya isa ya ƙone akwatin da babu irinsa a kasuwa. Mita ake sa mata.

Ita kanta sensar zafin ana iya tabbatar da lafiyarta da abin da ke kusa. A kwance ta, a karɓo tafasasshen ruwa wurin mai shayin bakin gareji, a tsoma bakinta, a riƙe mita a kanta. Adadin turjiyar ya riƙa sauka a hankali yayin da take ɗaukar zafi, ya riƙa hawa yayin da ruwan ke hucewa. In ya tsaya cak ko yana tsalle-tsalle, ta gama aiki.

Sau da yawa kuma laifin ba na sensa ba ne, ba na wayarta ba. Na at ne, wato wayar da ke mayar da wuta jikin ƙarfen mota. Ƙusa ɗaya mai tsatsa inda wayoyin at suka haɗu tana iya sa allurai uku su haukace lokaci guda, ko allurar zafi ta motsa duk sanda aka kunna fitilun aiki. Motar da ta kwana damina biyu a waje, ko ruwan Nilu ya taɓa shiga cikinta kamar yadda ya shiga unguwanni a ambaliyar 2020, wannan ne wurin da za a fara dubawa. A kwance, a kankare har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure, a shafa giris. Mita takan ruɗi mutum a nan: wayar da silin jan ƙarfe ɗaya ya rage a cikinta za ta nuna tana da hanya, amma ba za ta iya ɗaukar kaya ba. Shi ya sa ake auna faɗuwar wuta daga wannan baki zuwa wancan yayin da abin ke aiki, ana kuma girgiza damin wayoyin da hannu a ga ko adadin zai motsa.

Wajen haɗawa ne ake gane wanda ya iya. Murɗe wayoyi biyu a naɗe da salatif yana aiki a fankar ɗaki. A motar da ke jijjiga daga safe zuwa yamma, cikin zafin injin da tururin mai, gam ɗin salatif yana narkewa cikin 'yan makonni, ƙura ta shiga, haɗin ya yi kore. Ga sensar da ke magana da turjiya kuwa, duk ƙarin turjiyar da tsatsa ta kawo ƙarya ce za ta isa wurin allura, kuma a ɓangaren da ya fi muni, domin za ta nuna injin ya fi sanyi a kan yadda yake. Gyaran kirki shi ne a yanke baya har a iske jan ƙarfe mai haske, a sa waya mai kauri ɗaya da ta asali, a matse su cikin ɗan bututun haɗi da filaya ta musamman, a rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi. Masu son dalma suna da hujjarsu, musamman inda bututun ya yi wuyar samu, amma dalma tana sandarar da waya, kuma daidai inda ta ƙare nan jijjiga ke karya ta, don haka sai an ɗaure wurin sosai. Idan wayoyi da yawa aka yanke wuri ɗaya, a rarraba haɗin, kada su taru su yi ƙulli. A ƙarshe a mayar da damin kan tsohuwar hanyarsa, nesa da salansa da bel, a bar masa sassauci a wurin da ɗakin direba ke lanƙwasawa, domin a nan ne aka fi tsinke waya yayin da ake ɗaga ɗakin.

Akwai sensar da ta fi duk waɗannan, domin ita ba injin take tsaro ba. Direban wannan mota yana shiga ne ta gaba, ya tsallake bokiti, ya zauna tsakanin hannuwa biyu masu ɗaga kaya. Saboda haka aka yi sandar da yake saukewa a gaban cikinsa, kuma daga tsakiyar shekarun 1990 Bobcat ya haɗa ta da tsarin BICS, wanda ke kulle ɗagawa da karkatar da bokiti da tafiya har sai sandar ta sauka. Sensar sandar tana aiki da maganaɗisu, wayoyinta sirara ne, kuma suna wurin da ake yawan bugu. Da ta samu matsala mota sai ta ƙi motsi, tifa na jira, sai wani ya kawo shawarar a yi mata gada a wuce wurin. Hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta fitar da gargaɗi a 1998, inda ta ce cikin mutum 37 da ta bibiyi mutuwarsu a irin wannan mota daga 1992 zuwa 1997, guda 29 matse su aka yi tsakanin bokiti ko hannuwansa da jikin motar, kuma ta ambaci tsallake makullan tsaro cikin abubuwan da ke jawo haka. A wurin kwasar ɓaraguzai, inda direba ke yawan leƙowa ya janye rodi ko wayar da ta sarƙe a bokiti, mai motar da ya yarda aka yi wannan gadar ya sayi yini ɗaya na aiki da ran yaronsa. Duk wanda ya sayi tsohuwar loda ya gwada: injin na aiki, sanda a sama, a taɓa feda. In bokiti ya motsa, wani ya riga ya yi aika-aikar.

Saura batun kaya. Dab da yaƙi dalar Amurka tana kusan fam 600 na Sudan, a 2025 kuwa ta haura 2,000 a kasuwar bayan fage, kuma abin da aka yi oda sai ya sauka Port Sudan ya yi tafiyar kusan kilomita 800 a mota kafin ya iso. Dole a nemi madadi, amma madadin yana da ƙa'ida. Makunnin matsin mai abu ne mai sauƙi, na wani injin Kubota, irin na janareto ko ƙaramar tarakta, yakan yi, in zaren ƙusarsa ya dace. Zaren kuwa sai an lura, domin na Japan da na Amurka suna kama da juna a ido amma ba ɗaya ba ne, in aka tilasta sai a ɓata ramin ko mai ya riƙa zuba. Sensar zafi ba haka take ba. Kowace an yi ta ne don agogonta, ta Hilux za ta iya ɗauruwa a ramin, allura ma ta motsa, amma abin da za ta nuna ba shi ne zafin injin ba.

Inda ɓarayi suka kwashe damin wayoyin gaba ɗaya, ko akwatin BOSS ya mutu babu na canji, hanyar da ta fi gaskiya ita ce a saƙa sabon wayarin mai sauƙi daga tushe: makulli, kik, caji, bawul ɗin dizal, kowanne da fis ɗinsa, sannan a sayi agogon zafi da na matsin mai kowanne tare da sensarsa a kwali ɗaya, ko ma irin agogon da ke aiki da siririn bututu ba ruwansa da lantarki. A ƙara ƙaho ko ƙararrawa a kan fitilar mai, domin cikin hasken rana da ƙura direba ba ya ganin ɗan ƙwai. Kada a manta da ɓangaren haidirolik, musamman makunnin matsin man da ke ciyar da famfunan tafiya, waɗanda suna cikin abubuwa mafi tsada a motar kuma suna lalacewa cikin mintuna in man ya yanke musu. Usta ya manna wa kowace sabuwar waya lamba, ya zana taswirar abin da ya yi a takarda, ya ɗauki hotonta ya tura wa mai mota, domin daga ranar littafin kamfani ya daina bayanin wannan lodar.